Famfon mai na lantarki a tsohuwar mota mai kabireta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu tsofaffin Peugeot 504 da Toyota. A zafin Maris da Afrilu nan Garwa, fetur kan tafasa cikin bututu kusa da inji, mota ta mutu, sai ta huce kafin ta tashi. Famfon lantarki yana maganin wannan, amma sai an saka shi daidai.

Kada ku yarda a ɗaura muku famfon motar injekta. Shi yana tura mai da ƙarfin bar 3 ko fiye (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turawar), kabireta kuwa abin da take so bai wuce bar 0.3 zuwa 0.4 ba. In ƙarfin ya yi yawa, mai zai malale ya cika kabireta, ga haɗarin gobara.

A ɗaura shi kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, nesa da salansa, domin turawa ya iya, ba zuƙowa ba. Lallai a sa matatar mai kafinsa. Mu da muke shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi na cikin kwalba, mun san dattin da ke ciki, shi ke kashe famfo da wuri.

Wajen haɗa wayar wutar famfon nake roƙonku ku kula. A bi ta fiyus da rile (ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa), a haɗa da makunnin matsin man inji, yadda in inji ya tsaya famfo ma zai tsaya. Na ga wanda aka haɗa kai tsaye da makulli, bututu ya tsage, fetur na ta zuba a titi.

Tsohon famfon mai na jikin inji kuma a cire shi a toshe gurbinsa da faranti, don in robarsa ta yage fetur zai gangara cikin baƙin mai.