Yadda za ka kare motarka idan ɓarayi sun haura gida sun tafi da makullin safaya

Idan ɓarayi suka shiga gida, abin da ake fara lissafawa shi ne manyan kaya: wayoyi, talabijin, gwal ɗin uwargida, 'yan kuɗin da ke cikin durowa. Makullin safaya na mota ba a cika tunawa da shi ba sai an kwana biyu, alhali ya fi duk waɗancan haɗari. Wanda ya ɗauki waya ya gama da kai. Wanda ya ɗauki makulli yana da sauran aiki a gidanka, domin ya san motar, ya san inda take kwana, kuma ranar da zai dawo ba zai fasa gilashi ba, ba zai ɓalle ƙofa ba. Buɗewa zai yi ya zauna ya tayar, ko maƙwabci ya ji ƙarar inji sai ya ɗauka kai ne za ka fita da wuri.

Mu a Katsina abin ya fi tsanani saboda kusancinmu da iyaka. Daga cikin gari zuwa Jibiya tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, daga can kuma sai hanyar Maraɗi. Mutanen Daura ma Kongolam na bakin ƙofarsu. Motar da aka fitar da ƙarfe biyun dare tana iya barin ƙasar kafin a kira assalatu. Don haka aikin da ke gabanka guda ne: ka mayar da makullin da ke hannun ɓarawo ƙarfen banza, tun bai dawo ba.

Kada motar ta sake kwana inda ta saba

Da zarar ka duba inda kake ajiye makullin ka ga wayam, ɗauka cewa yana hannunsu. Kada ka tsaya cewa wataƙila yara ne suka yi wasa da shi. Idan daga baya ya fito a ƙarƙashin gado, ba ka yi asarar komai ba.

A ranar, kafin magariba, kai motar wani gidan: na yayanka, na surukinka, ko na abokin da ke da get mai ƙarfi a wata unguwa daban. Idan kana Kofar Kaura, kai ta Goruba ko Barhim, ba layin bayanku ba. Kuma ka rage masu sanin inda ka kai ta.

In babu inda za ka kai, to hana ta tashi. Buɗe bonet, nemi baƙin akwatin fiyus da ke kusa da batir. A bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna kowane fiyus da aikinsa. Zare na famfon mai, ko wanda aka rubuta wa EFI a motocin Toyota, ka sa a aljihu ka shiga da shi ɗaki. Mota za ta yi ta juya inji amma ba za ta kama ba. Cire kan batir ma yana taimakawa, sai dai shi ne abin da ɓarawo zai fara dubawa, kuma mayar da shi aikin minti ɗaya ne. Fiyus ya fi ɓata masa lokaci. Idan akwai wata motar a gidan, a tare ta da ita ta baya. Kwaɗon get kuma a canza shi a yau, musamman idan makullan gida suna haɗe da na motar a zobe ɗaya.

Duba takardu, sannan ka tafi ofishin 'yan sanda

Yawancinmu wuri ɗaya muke ajiye makullin safaya da ainihin takardun mota: takardar kwastan, shaidar mallaka, rasiɗin saye. Ɓarawon da ya haɗa makulli da takardu ya samu abin da zai nuna a shingen bincike, ya kuma samu abin da zai yaudari mai saye da shi. Saboda haka duba su tun kafin ka fita.

A ofishin 'yan sandan yankinku, ka tabbata an rubuta makullin motar a cikin jerin kayan da aka sace, da sunan motar, da launinta, da lambarta, da lambar shasi. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ana kuma samunta a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ɗauke ta hoto da waya. Nemi a ba ka rahoton a rubuce, ka riƙe kwafi. Idan takardu sun tafi, da wannan rahoton za ka je kotu ka yi rantsuwar ɓatan takardu, sannan ka wuce ofishin lasisin motoci a sake maka waɗanda za a iya sakewa. Idan motarka ba ta cikin rajistar motoci ta 'yan sanda da ake kira CMR, wannan ne lokacin shigar da ita, don ta nan ake alamta motar da aka sace.

Mai unguwa da 'yan sintirin layinku ma a gaya musu a fili: duk wanda suka gani a cikin motar nan ba kai ba, ko da makulli a hannunsa, su tsayar da shi.

A goge makullin daga ƙwaƙwalwar mota

Nan ne ainihin maganin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Motoci da yawa na wannan zamani suna da ɗan ƙaramin cif, wato 'yar na'urar lantarki mai ɗauke da lamba, a cikin kan makullin. Idan ka sa makulli a suwic, ƙwaƙwalwar motar tana tambayar cif ɗin lambarsa. In ta san lambar sai ta bar inji ya tashi, in ba ta sani ba ko makullin ya juya ba abin da zai faru. Alamar cewa motarka tana da wannan tsarin ita ce 'yar fitilar da ke ƙiftawa a dashbod bayan ka zare makulli, sau da yawa da hoton mota da makulli. Motocin da ake tayarwa da danna maɓalli duk suna da shi.

Abin da kake buƙata shi ne mai wayarin da ke da na'urar kwamfuta ta makullai, ba kowane mai wayarin ba. Zai jona na'urar a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Kada ka ba shi mota ka tafi sallah ko cin abinci. Tsaya a kansa, ka ce masa: “Malam, nuna mini makullai nawa motar ta sani.” A mafi yawan motoci adadin yana fitowa a fuskar na'urar. Idan ta nuna uku alhali biyu ka taɓa riƙewa, ka ga ashe tun daga wanda ya sayar maka akwai makulli a waje. Sai a goge duka, a bar wanda ke hannunka kaɗai, a sake dubawa ka ga ta koma ɗaya da idonka. Rimot ɗin buɗe ƙofa a motoci da dama rajistarsa daban take da ta cif, don haka ka ce a goge shi ma.

Akwai abubuwa uku da ke ɓata wannan aikin, kuma mai gyaran da ke sauri ba zai gaya maka ba sai ka tambaya.

Na farko, idan makullin da aka sace kwafi ne da aka yi maka daga naka, wato an kwafe lambar cif ɗinka an zuba a wani, to mota tana ganin su a matsayin makulli ɗaya. Duk gogewar da za a yi, muddin naka yana aiki na ɓarawo ma yana aiki. Maganinsa a sayi sabon makulli mai sabon cif a yi masa rajista, sannan a goge tsohon naka baki ɗaya.

Na biyu ya shafi motocin da suka biyo ta Kwatano ko suka daɗe suna yawo hannu zuwa hannu. Wani lokaci makullin asali ya karye, sai wani mai gyara ya ciro cif ɗin ya manna shi da gam a jikin suwic, a ƙarƙashin robar da ta rufe wuyan sitiyari. Daga ranar, duk makullin da aka yanka daidai zai tayar da motar, ko ba cif. Wasu ma an kashe tsarin gaba ɗaya a cikin ƙwaƙwalwar. Ka sa a kwance robar nan a duba. In an ga cif a manne, a cire shi a mayar da tsarin yadda yake.

Na uku, wasu motocin suna da sharaɗi. A tsofaffin Toyota masu cif, baƙin makulli shi ne babba, mai ruwan toka kuma ƙarami ne, ba a iya gogewa ko ƙara makulli da shi. Idan babban ne ya tafi, sai an sake saita ƙwaƙwalwar, aikin ya fi tsada kuma ya fi buƙatar gwani. Peugeot kuwa, irin su 406, suna neman lambar sirri mai gurbi huɗu da ke zuwa a wani ɗan kati tare da motar, kuma duk makullin da ba ya wurin lokacin rajista ya daina aiki. Idan katin nan yana cikin takardun da aka sace, faɗa wa mai gyaran tun farko.

Ni a ganina ko nawa aka ce kuɗin wannan aikin, a biya a wuce wurin. Ciniki a kan sa bai kai ga taya ɗaya ta motar ba. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne amanar mai aikin, domin wanda zai iya goge makulli zai iya ƙara wani a asirce. Nemi wanda aka sani da shago tsayayye, wanda wani naka ya taɓa aiki da shi.

Ƙarfen makullin har yanzu yana buɗe ƙofa

Gogewa tana hana inji tashi ne kawai. Haƙoran makullin suna nan, za su buɗe ƙofa da but, su saki sitiyari. Ɓarawo zai iya kwashe batir da rediyo da abin da ka bari a ciki, ko a tura motar a ja ta da wata. Ko makullin danna maɓalli yana da siririn ƙarfe ɓoye a cikinsa na buɗe ƙofar direba. Don haka a canza makullan ƙofofi, ko a kai wa gwanin makulli ya sauya jerin haƙoran cikinsu ya yanka sabo.

Motar da ba ta da cif ko kaɗan, kamar tsofaffin motocin haya da yawa, ba ta da wata gajeriyar hanya. Cikakken saiti za a saya: suwic, ƙofofi, but da murfin tanki, a canza su rana ɗaya. Haka babur da Keke Napep. Saitin suwic na Boxer ko Jincheng ba wuyar samu gare shi ba a wurin masu kayan babura, kuma bakanike zai ɗaura shi kana tsaye. Ƙara da sarƙa mai kauri da kwaɗo, a ɗaure da wani abu da ba ya motsi, don babur ɗaukarsa ake yi cak.

Ƙarin tsaro

Sandar kulle sitiyari tana da amfani saboda ana ganinta daga waje, kuma makullinta ba ya hannun ɓarawo. Ɓoyayyen maɓallin da ke yanke wutar famfon mai ya fi ta, idan an sa shi inda ba a saba ba. Ƙarƙashin sitiyari kowa ya san da shi.

Tiraka ba ta hana sata, tana nuna inda mota take ne bayan an ɗauka. Da layin waya take aiki, don haka layin ya kasance da sunanka, haɗe da lambarka ta NIN, kana sa masa kuɗi kana gwada shi lokaci zuwa lokaci. Akwai masu tiraka da yawa da layinsu ya mutu ba su sani ba. Idan kuma ta nuna maka inda motar take, 'yan sanda za ka kai wa bayanin ko ka kira lambar gaggawa ta 112. Kada ka ɗebi 'yan'uwa ku bi sawu da kanku, masu wannan sana'ar ba hannu sake suke yawo ba.

Batun inshora, wadda yawancinmu muke yanka ta naira 15,000, farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa tun farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ruwanta da sata. Mai cikakkiyar inshora shi ne zai sanar da kamfaninsa a rubuce cewa an sace makulli, ya haɗa da rahoton 'yan sanda da rasiɗin canjin makullai. Ranar biyan diyya ana tambayar makullan mota, kuma wanda ya yi shiru tun farko zai sha tambayoyi.

Kafin a gama aikin, kula da inda kake ajiye ta a gari

Ba dole sai gida ɓarawon zai dawo ba. Wanda ke da rimot zai iya ratsa layin motoci a masallacin Juma'a, ko babbar kasuwa, ko bakin asibiti, yana dannawa a cikin aljihu har wata ta ƙifta masa fitila. Ranar Juma'a ta fi sauƙi gare shi, don ya san kowa yana sahu. Har sai an goge makullin an canza na ƙofa, hau babur ko Keke zuwa irin waɗannan wuraren, ko ka bar mutum a cikin motar.

Za ka yi ta tunanin wa ya san inda makullin yake, kuma tunanin yana da kyau, domin wanda ya wuce kai tsaye zuwa durowar da ya dace wataƙila an yi masa kwatance. Faɗa wa ɗan sandan da ke binciken sunayen duk masu shiga ɗakin, ka bar shi ya yi aikinsa. Amma ina roƙonka kada ka kama yaron gida ko direba ko almajirin da ke muku aike da duka ko tozarci a kan zato. Sau da yawa mai rauni ake fara nunawa da yatsa, kuma in gaskiya ta fito daga baya ba a iya mayar masa da mutuncinsa.

Sabon makullin safaya da za a yi maka, a yi masa rajistar kansa da cif ɗinsa daban, ba kwafin naka ba, yadda ko ya sake ɓata za a iya goge shi shi kaɗai. Kada ka rataya masa wani abu mai lambar mota ko sunanka. Kai shi gidan mahaifi ko wani ɗan'uwa da ka amince da shi, ainihin takardun kuma su zauna a wani wurin daban, ka bar kwafinsu kawai a cikin mota da hotunansu a wayarka.