Yadda Ake Horar da Kare Ya Tsare Gida, da Abin da Za a Haɗa Masa da Shi

Aikin karen gadi haushi ne. Ɓarawon dare ya fi tsoron a tashi daga barci fiye da cizo, don haka kada ka kashe kuɗi wurin neman ƙaton kare na waje. Ɗan gida ya fi jure zafin bazara da kaska, kuma ciyar da shi ba ya karya aljihu. Samo ɗan kwikwiyo mai mako 8 zuwa 10, wanda ke ɗaga kunne in ya ji motsi. Babban kare da ya saba da wani gida yakan ɗauki lokaci kafin ya karɓi sabon ubangida. Idan ya kai wata 3 a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar ciwon hauka, a riƙa maimaitawa duk shekara, a haɗa da maganin tsutsar ciki.

Yi masa ɗaki mai inuwa nesa da wurin salla da kwanukan gida. Da rana a rufe shi, bayan isha'i a sake shi. Karen da ke yawo a unguwa kowa abokinsa ne, har mai leƙen gidanka.

Inda akasari ake faɗuwa shi ne abinci. Ɓarayi ba sa kokawa da kare, nama mai guba suke cillowa ta saman katanga, su jira. Don haka mutum ɗaya ko biyu kaɗai za su riƙa ba shi abinci, a kwano ɗaya, a wuri ɗaya. A hana yara da baƙi jefa masa loma, ko sau ɗaya ne. Ɗan kwikwiyo sau 3 a rana, babba sau 2, kuma ya ci ya ƙoshi kafin a sake shi da dare. Masu cewa a bar shi da yunwa don ya yi zafi su ne ke miƙa shi ga mai guba.

Daga wata 4 fara gwaji. Sa masa igiya, ka sa wanda bai sani ba ya yar da tsoka a ƙasa. Da ya kai hanci, ja igiyar ka ce "bari!" da kakkausar murya, sannan ka kai shi kwanonsa ka ba shi abin da ya fi wancan daɗi. Kada ka doke shi, duka tsoronka yake koya masa, sai ya ci a bayan idonka. Minti 10 ya isa kullum. A riƙa sauya wuri da lokaci, musamman gindin katanga da dare, a kuma gwada kana laɓe. Duk da haka zagaya gindin katanga da tocila kowace yamma, domin ko horarren kare yakan yi kwaɗayi. In ka ga dalalar miyau, karkarwa ko amai, garzaya wurin likitan dabbobi. Ɗura masa manja ko madara na iya shaƙe shi.

Sauran kuma gyaran gida ne. Sare reshen dogon yaro da ya rataya kan katanga, kwashe tulin bulo da tsani daga jikinta. Waya mai ƙaya ta fi fasassun kwalabe, waɗanda buhu ɗaya ke rufewa. Sa fitilar sola mai kamawa da motsi a bayan gida, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Ƙarfen taga a binne shi cikin siminti, ƙofa kuma sakata biyu daga ciki. Mai fili ya ajiye zabi, suna da kwarmato. Ajiye usur a gefen gado, ka karɓi lambar 'yan sintirin unguwa, kuma duk daren da karen ya yi haushi ka haska ta taga kafin ka buɗe ƙofa.