Babi na Bakwai: Koya wa Yaro Haɗa Baƙi a Gida Kafin Ya Shiga Firamare

Duk wanda ya kawo wannan babi ya riga ya iya haɗa baƙi. Kuna karanta saƙon waya da kanku, kuna gane sunan magani a jikin kwali, wasunku ma har wasiƙa suna rubutawa. Wannan da kuka samu ya ishe ku ku fara koya wa ɗanku ko jikanku mai shekara huɗu ko biyar, ba sai da takardar malanta ba. Tun 1980 da aka kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, iyaye ke zama a aji irin naku. A ganina babbar ribar wannan zama ita ce karatun ya bi ku gida, ya tarar da yara.

Waƙar haruffa ba karatu ba ce

A unguwanni da yawa za ku ji yaro ɗan shekara uku yana rera "e, bi, si, di" har ƙarshe, iyaye suna murna, a kira baƙi su saurara. Ba laifi yaro ya iya waƙa. Amma a rubuta masa nama a ce ya karanta, sai ya yi tsuru-tsuru. Abin da ya haddace sunayen haruffa ne da Turanci, karatu kuwa da sautin harafi ake yin sa.

Ku duba ɓarnar da wannan ke yi wa Hausa. An koya wa yaro cewa c sunansa "si", sai ya ga ciki ya ce "siki". An ce masa i "ai" ne, e kuma "i" ne, u "yu" ne. Ta yaya zai karanta kifi, ko keke, ko tuwo? Tun kafin ya fara an rikita shi.

Alhali Hausar boko tana da sauƙin da Turanci ba shi da shi. Tun daga makarantar da Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, aka yi ta gyaran rubutun nan har ya zama kusan kowane sauti yana da harafinsa, kuma harafin ba ya sauya murya. K ɗin Kano shi ne na kaka, shi ne na kunu. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. Babu p, q, v da x a kalmomin Hausa, don haka kada ku wahalar da yaro da su yanzu. Wanda ya san sautin haruffa ya iya haɗa su, zai karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Idan ya kama wannan dabara a harshen da yake magana da shi, ranar da Turanci ya zo ba daga tushe zai fara ba.

Hanyar kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A makarantar allo da babbaƙu ake farawa, yaro ya san baƙaƙen, sannan a shiga farfaru a ɗora musu wasula, daga nan ya fara haɗawa. Tsarin ke nan za mu bi.

Kunne kafin ido

Yaro mai shekara uku zuwa huɗu ba ya bukatar alli tukuna. Abin da yake bukata shi ne ya fara jin cewa kalma tana rarrabuwa. Wannan aiki ana yin sa ana tsintar shinkafa ko ana wanki.

Ku fara da tafi. A faɗi suna a tafa sau ɗaya ga kowace gaɓa: Da-la, tafi biyu, A-mi-na, tafi uku, a-dai-dai-ta, tafi huɗu. Ku bi sunayen mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yara suna son su ga wa ya fi yawan tafi.

Sai wasan farkon kalma. Ga yadda zai iya kasancewa:

Uwa: Na ga wani abu a tsakar gidan nan, yana farawa da "mmm".
Yaro: Kaza!
Uwa: Saurara dai. Kaza, "k". Ni kuwa "mmm" na ce. Rufe bakinka ka faɗa.
Yaro: Mmm... murhu, Umma!
Uwa: Yauwa, ɗan albarka. Saura me?
Yaro: Muciya!

Ku lura ba ta ce masa ya yi kuskure ba, ta dai maimaita sautin ta bar shi ya sake nema.

Kada a raina tatsuniya. Yaron da ake ce wa "ga ta nan, ga ta nanku" ya amsa "ta zo mu ji ta", yana tara kalmomi, yana koyon bin labari daga farko har "ƙurunƙus". Karatu ba ya amfani idan yaro ya furta kalma bai san ma'anarta ba. Kakar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, idan tana ba jikokinta labarin Gizo da Ƙoƙi bayan sallar isha'i, ta ɗauki babban kaso na wannan aiki.

Haruffan farko

Idan yaro ya fara gane sautin farkon kalma, sai a nuna masa harafi. Kayan aiki duk suna gida: gawayi ko alli, bayan kwalin taliya da aka yayyanka ƙanana, da faranti da aka zuba wa yashi don ya riƙa zana harafi da yatsa ya share ya sake. A rubuta ƙananan haruffa, manya-manya yadda zai gani sosai, domin ƙananan ne suka fi yawa a littafi.

Kada ku bi jerin abacada daga farko zuwa ƙarshe. Ku zaɓi haruffan da za su ba da kalma da wuri. A fara da a, sai m, sai n, domin "mmm" da "nnn" ana iya jan su a baki yaro ya ji su da kyau. Bayan su b da k. Harafi ɗaya ya isa kwana biyu ko uku, kuma kullum a waiwayi na baya kafin a ƙara sabo.

A nan akwai wurin da ya kamata a kula. Da yawanmu mun saba kiran baƙi da wasali a manne, mu ce "ma", "na", "ba". Idan kun nuna wa yaro m shi kaɗai kuka ce "ma", gobe da kuka haɗa masa m da i zai ce "mai" maimakon "mi". Ku ce "mmm" kawai. Irin su b da k da ba sa jawuwa, a furta su gajere ƙwarai, kuma a yi saurin haɗa su da wasali.

Haɗawar ita ce zuciyar darasin, kuma a nan ne ake bukatar haƙuri. Ku ajiye katin m a hagu, katin a a dama, da tazara tsakaninsu. Ku ɗora yatsa a kan na farko kuna jan "mmm", kuna tura shi a hankali har ya taɓa na biyu, murya ba ta yanke ba: "mmmaaa", ma. Ku yi sau biyu, sannan ku bar shi ya tura da hannunsa. Wani yaron zai kama ran nan. Wani zai yi mako biyu yana cewa "mmm", ya tsaya, ya ce "a", ya kasa haɗawa. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kuma tsawa ba ta gaggauta shi. Da rarrafe yaro kan tashi.

Da haruffan nan biyar kaɗai ga abin da zai karanta:

ma-ma, ba-ba, ka-ka, na-ma, ka-ma, ba-na

Ku duba fuskarsa ranar da ya haɗa na da ma ya ji bakinsa ya ce "nama". Ku tambaye shi mene ne nama, a ina ake sayen sa, domin ya san abin da ya karanta yana nufin wani abu a duniya.

Sai a ƙara i da u, daga baya o da e, a jera gaɓoɓi: ka, ki, ku, ko, ke. Kada a bar shi ya rera su a jere kawai, don zai haddace kamar waƙa. A riƙa nuna su a hargitse. Yanzu baki, kuka, koko, nono, keke da Kano duk sun shigo hannunsa, har da jimla: Kaka na kan keke. Zai yi dariya, dariyar kuma shaida ce ta cewa ya gane.

Masu ƙugiya da 'yan tagwai

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ sun shigo rubutun Hausa a shekarun 1930, domin ba tare da su ba ma'ana tana ɓacewa. Yaro Bahaushe ya riga ya iya furta su, abin da ya rage ya ga ƙugiyar. Ku rubuta kalmomi bibbiyu ku sa shi ya nuna wadda kuka faɗa: baki da baƙi, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bata da ɓata. Wasan nan na karya harshe, na kwaɗo da ƙato da suka je koto, yana gyara kunne a nan. Abin takaici ne yadda rubutun waya ya sa manya ma suke zubar da ƙugiya. A gaban yaro dai ku riƙa sa ta.

Sh da ts haruffa biyu ne masu ba da sauti ɗaya, a rubuta su a kati guda: shayi, tsire. Haka kw, gw, ky da 'y na 'ya'ya, amma waɗannan sai ƙarshe. Gaɓa mai rufe da baƙi ita ma ta jira sai ya saba da masu sauƙi: Kur-mi, Kur-na, man-ja. Idan baƙi ya zo sau biyu a jere, a raba su: Fag-ge, Um-ma. Ku gwada masa baba da babba ya ji bambancin.

Akwai abu ɗaya da rubutu ba ya nunawa, wato jan wasali da karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne, haka kuka na miya da kuka na hawaye. Ba sai kun yi masa dogon bayani ba. Ku sa kalmar cikin jimla, bakinsa zai gyara da kansa.

Dama ko hagu

Yawancin yaran Kano suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya kafin boko, inda ake fara karatu daga dama. Saboda haka kada ku yi mamaki idan ya karanta nama ya ce "mana", ko ya fara rubuta sunansa daga dama. Ku gaya masa a sarari: karatun allo daga dama, na boko daga hagu. Ku ɗiga ɗigo babba a gefen hagu na kwalin, ya riƙa ɗora yatsa a kai kafin ya fara. Karatun biyu ba sa hana juna. Rikita b da d ma abu ne da yara masu wannan shekaru suka saba yi. Maganinsa kada a koyar da su mako ɗaya, kuma ya yawaita zana su a yashi yana furta sautin.

Lokaci, da abin da za a guje wa

Minti goma zuwa sha biyar a rana sun isa, bayan karin kumallo ko bayan la'asar, lokacin da ba ya jin yunwa ko barci. Ku tashi tun bai gaji ba. Bulala ba ta da wuri a wannan darasi ko kaɗan. Yaron da aka daka a kan harafi, harafin zai tsana, kuma gyaran wannan ya fi koyarwar wuya. Kada a ce masa "ƙanenka ma ya fi ka". Kada kuma a ce 'ya mace ta je ta yi aike ana koya wa namiji, ku zaunar da su tare.

Uba ma yana da nasa. Idan kun fita da yaro, Kano cike take da rubutu. "Ba shiga" da ke ƙofar gida gaɓa uku ce, ba, shi, ga. Ga rubutun bayan adaidaita sahu, ga allunan shaguna a Kantin Kwari da Kasuwar Rimi. Ba sai ya karanta duka ba, ku ce ya nemo muku m ko harafin farko na sunansa. Miƙa masa waya ya kalli bidiyon haruffan Turanci ba ya maye gurbin wannan, domin waya ba ta jin inda ya kuskure.

Idan kun lura yaro ba ya juyowa in an kira shi ta baya, ko kunnensa yana zubar da ruwa, ko yana manna ido a jikin kwali kafin ya gani, ku kai shi asibiti a duba. Wanda ba ya jin sauti da kyau ba zai iya haɗa shi ba, kuma sau da yawa irin wannan matsala tana da magani.

Aikin wannan mako

Ku yanka katuna biyar ku rubuta a, m, n, b, k. Ku rubuta kalmomi shida da za a iya haɗawa da su, ban da waɗanda ke cikin wannan babi. A gida ku yi wasan tafi da wasan farkon kalma kwana uku kafin ku fito da katin farko. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da katunansa, za a zauna bibbiyu, ɗaya ya zama yaro ɗaya ya tura masa m zuwa a, malami yana zagayawa yana sauraron yadda kuke furta sautin.