Kurakuran da aka fi yi wajen auna saurin girin da ƙarfin bugu a wasan golf na intanet

Babu abin da ke ƙona ran mai buga golf a intanet kamar ya yi bugu biyu masu kyau, ƙwallo ta sauka a kan girin, wato lallausar ciyawar nan da ke kewaye da rami, saura ƙafa 18 kacal, sannan ya ɓata bugu uku kafin ta faɗa. Na farko ya zarce da ƙafa 7, na biyu ya gaza, sai na uku ya shiga. Na daɗe ina fama da wannan, kuma kullum saiti nake ɗora wa laifi, ina cewa ban karanta karkatar filin daidai ba. Sai da na fara rubuta inda ƙwallona ke tsayawa bayan kowane bugu na gane cewa kaucewar da nake yi hagu ko dama ba ta taka kara ta karya ba. Ƙarfin bugun ne ban iya ba.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar lambar da ke kan mitar ƙarfi a matsayin tazara. Ka ga rami yana ƙafa 20, ka ja mita zuwa 20, ka saki. Amma lambar nan ƙarfi take nunawa. Tana gaya maka nisan da ƙwallo za ta yi a fili miƙaƙƙe, a kan wani sauri guda da masu wasan suka ɗauka a matsayin ma'auni. Da zarar saurin girin ya canza, 20 ɗin ta daina zama ƙafa 20.

Shi kansa saurin girin abu ne da ake aunawa a filayen gaske, kuma daga can wasannin kwamfuta suka aro shi. A shekarar 1935 wani ɗan wasa Ba'amurke mai suna Edward Stimpson ya ƙirƙiro na'urar auna shi, bayan gasar US Open da aka yi a filin Oakmont, wanda har yau ya yi suna wajen santsin girin. Na'urar, Stimpmeter, sanda ce mai kwari a tsakiya, tsawonta inci 36. Ana ɗora ƙwallo a kai, a ɗaga gefe guda a hankali har ta kai kusurwa ta kusan digiri 20, sai ƙwallon ta suɓuce ta gangaro da sauri iri ɗaya kowane lokaci. Yawan ƙafar da ta yi kafin ta tsaya shi ne saurin girin. Hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fara raba ta ga filaye a 1978. Fili na yau da kullum yakan kasance wajen 8 zuwa 10, na manyan gasanni kuwa yakan kai 12 ko 13. Duba bambancin: bugun da ya yi ƙafa 9 a can, shi ne zai yi ƙafa 13 a nan.

Wasan golf na intanet irin WGT (World Golf Tour), mai ɗauke da filaye kamar St Andrews da Pebble Beach da Oakmont ɗin nan, yana nuna maka matakin saurin girin kafin a fara zagaye. Da yawa ba sa ko kallon wurin. Suna fitowa daga wasan abokai mai girin a hankali, su faɗa gasa mai girin kamar gilashi, hannunsu na nan da sabon ɗazu. Sai sun zubar da ramuka uku ko huɗu suke farga.

Gyaran ba ya buƙatar baiwa, awo yake buƙata. Shiga zagayen gwaji, ka nemi wuri miƙaƙƙe a kan girin, ka kau da saiti daga rami don kada ƙwallon ta faɗa. Ja mita zuwa 20, ka duba nisan da ta yi. Mu ɗauka ta yi ƙafa 25. Raba 20 da 25, ka sami 0.8. Wannan ita ce lambarka a wannan sauri: duk tazarar da ka gani, ka ninka ta da 0.8. Rami mai ƙafa 15 yana son ƙarfi 12, mai ƙafa 30 yana son 24. Ka maimaita gwajin sau uku ko huɗu, da gajeren bugu da dogo, domin wani wasan lambar takan ɗan sauya idan tazara ta yi yawa. Sannan ka yi wa kowane matakin sauri nasa awon, ka rubuta a takarda, ka ajiye ta kusa da kai. Kada ka ari lambar wani. Sandar bugunsa wataƙila ba irin taka ba ce, kuma ranar da kai ma ka sauya sanda, takardar ta tashi aiki sai ka sake awo.

Sai maganar hawa da gangara, inda na fi ganin ana tafka kuskure. Ƙa'idar da 'yan wasa suka saba da ita ita ce, kowane inci ɗaya na hawa ka ƙara ƙafa ɗaya, kowane inci ɗaya na gangara ka rage ƙafa ɗaya. Ba ƙa'idar banza ba ce. Idan aka yi lissafin yadda ƙwallo ke gungura a kan girin mai sauri 10, ƙarfin da za ta kashe wajen hawa inci ɗaya ya yi kusan daidai da wanda za ta kashe wajen tafiyar ƙafa ɗaya a miƙe. Inda ake ɓata ta shi ne wajen jeri. Mutum ya haɗa tazara da hawa wuri ɗaya, sannan ya ninka duka da lambar sauri. To, santsin ciyawa yana rage wa ƙwallo wahalar tafiya ne kawai, bai rage mata wahalar hawa tudu ba. Tudu yana nan yadda yake ko an aske ciyawa ko ba a aske ba.

Ga misali. Rami yana ƙafa 30, yana sama da kai da inci 8, lambarka 0.8. Idan ka haɗa 30 da 8 ka ninka, ka sami 30 da ɗan ɗoriya. Idan kuwa ka ninka 30 ɗin da farko, ka sami 24, ka ƙara 8, ka tashi da 32. Wannan giɓi shi ne ke barin ƙwallo a tsaye ƙafa biyu kafin rami. Juya misalin ya zama gangara: lissafin farko ya ba ka kusan 18, na biyu ya ba ka 16, kuma a gangara mai santsi wannan ƙari ya isa ya tura ƙwallon ta yi nisa bayan ramin. Ni hanya ta biyu nake bi, don ita ce ta dace da yadda abu ke gungura a zahiri. Amma kowane wasa da yadda aka tsara shi, saboda haka ka gwada duka biyun a kan tudu ɗaya, ka riƙe wadda ta kai ka bakin rami.

Wani abin lura, lambar hawa da wasa ke nunawa bambancin tsayi ne tsakanin inda ƙwallo take da inda rami yake, ba labarin hanyar duka ba. Tana iya nuna sifili alhali akwai doro a tsakiya. Haka kuma ba ta cewa komai game da bayan rami. Sauya kyamara ka kalli wurin daga bayan ramin. Idan ƙasa ta zube a can, ƙwallon da ta zarce da taki ɗaya za ta ci gaba da tafiya, don haka ka buga ta yadda za ta mutu a bakin rami.

Akwai kuma masu ƙididdige ƙarfi daidai wa daida, ba ƙari ko kaɗan. Ƙwallon da ba ta kai rami ba, ba ta da hanyar faɗawa. Dave Pelz, wanda ya yi aiki a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kafin ya koma nazarin golf, ya shahara da shawarar a buga da ƙarfin da zai sa ƙwallo ta wuce rami da inci 17 idan ta kauce. A wasan intanet wannan na nufin ka ƙara kamar ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi a kan lissafinka, a fili miƙaƙƙe ko a hawa. Kada ka zarce haka. Faɗin rami inci 4.25 ne, kuma gwargwadon gudun ƙwallo gwargwadon ƙanƙancewar ramin a gare ta. Mai gudu sai ta bi tsakiya cif za ta faɗa, in ta taɓa gefe sai ta lashi baki ta fice. Mai tafiya a hankali kuwa ko ta gefe ta zo, tana iya jirkicewa ta shiga.

Daga nan ne ƙarfi da saiti ke haɗuwa, kuma raba su kuskure ne. A girin mai sauri kana buga ƙwallo a tausashe, tana daɗewa a hanya, karkatar ƙasa na samun lokacin jan ta. Saboda haka saitin da ya yi maka daidai a matsakaicin sauri zai gaza a girin gasa. Yawancin lanƙwasar ma a ƙarshen tafiya take faruwa, lokacin da ƙwallo ta fara gajiya, shi ya sa karkatar da ke kusa da rami ta fi ta gaban ƙafarka muhimmanci. Ka fara yanke shawarar ƙarfi, sannan ka saita. Idan ka duba takardarka ka ga kullum ta ƙasan rami kake wucewa, to kana rage wa karkata hakkinta ne, ka ƙara buɗe saitin.

Ma'aunin mitar ƙarfi ma yana cin mutane. Sandar bugu takan zo da ma'auni fiye da ɗaya, misali na ƙafa 30 da na 60. Ƙarfi 12 a ma'aunin 30 kashi 40 ne cikin ɗari, a na 60 kuwa kashi 20 ne, kuma ɗan kuskuren yatsa a kan na 60 ninki biyu yake zama. Zaɓi mafi ƙanƙantar ma'aunin da zai ɗauki bugunka, kuma ka duba shi kafin kowane bugu, don wasa yakan sauya maka shi da kansa. Ka tabbatar kuma da abin da ake auna maka: yadi ɗaya ƙafa 3 ne, kuma idan allonka yana kan mita da santimita, ƙa'idar hawa ta koma kusan santimita 12 na tazara a kan kowace santimita ɗaya ta tsayi.

Idan tazara ta haura ƙafa 40, ka daina neman jefa ta a bugu ɗaya. Zana da'ira mai taki ɗaya a ranka kewaye da rami, ka nemi tsayar da ƙwallon a ciki, kuma in da hali a ɓangaren da ke ƙasa da ramin. Bugun ƙafa 4 mai hawa za ka iya yi masa ƙarfi ya miƙe. Ƙafa 4 ta gangara mai karkata a girin gasa kuwa, in ka kuskure, ta dawowa takan fi ta farko tsawo.