Yadda Mai Jiki Zai Zaɓi Rigar Hoton Baiko

Fara da duba kafaɗa: ɗinkin hannun rigar ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare, domin rigar da ta yi maka yawa ba ta ɓoye ƙiba, ƙara ta take yi a hoto. Kafin ka biya kuɗi, ka zauna da rigar a jikinka, ka ɗaga hannuwa. Idan tsakanin maɓallai ya wage a kan ciki, ka ɗauki wadda ta fi ta girma, tela ya rage gefen. A ganina auduga mai ɗan kauri ta fi yadi mai sheƙi, wanda yake manne wa jiki, yana tona asirin gumi. Shuɗi mai duhu yana karɓar yawancin mutane. Maɓallin wuya kuwa, a bar shi a buɗe.