Yadda ake girka sabuntawar Windows 11 da ke ƙara wa firosesar Ryzen sauri

Ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da 'yan'uwa masu sana'a a Makka da Jidda da yawa suna amfani da kwamfutoci masu firosesar AMD Ryzen, amma ba kowa ne ya san cewa akwai ƙarin saurin da ake samu kyauta ta hanyar sabunta Windows ba. A watan Agusta na 2024 kamfanin Microsoft ya fitar da sabuntawa mai lamba KB5041587, wadda ta gyara yadda Windows 11 ke aiki da hasashen firosesa. Ita firosesa takan yi hasashen umarnin da zai biyo baya, ta fara aiki a kansa tun kafin ya iso, kuma duk lokacin da hasashen ya dace, aiki yakan tafi ba tare da jira ba. Gyaran ya fi amfanar Ryzen jerin 5000 da 7000 da 9000, kuma yana cikin Windows 11 24H2 da ta fito ranar 1 ga Oktoba, 2024.

Da farko ka tabbatar da abin da ke hannunka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, za ka ga sunan firosesar a sama. Sannan ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta winver, don ka ga wace Windows ce a kwamfutarka. Idan ka ga 24H2 ko wadda ta zo bayanta, gyaran yana ciki, ba ka da sauran aiki a nan.

Idan Windows ɗinka ta girmi 24H2, kada ka yi gaggawa. Kwafi muhimman takardunka a filasha, musamman kundin bincike da hotunan iƙama da fasfo, ka kuma duba asusunka na Microsoft ka rubuta lambar buɗe BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle bayanan kwamfuta da shi, a takarda, domin kwamfuta za ta iya neman wannan lamba bayan babban canji, kuma wanda ba shi da ita zai iya rasa duk abin da ke ciki. Wannan mataki shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Bayan haka ka jona caja, ka hau wayfai maimakon datar waya, don fayil ɗin yana da nauyi.

Danna Windows da I don buɗe Settings, ka zaɓi Windows Update. Kwamfutocin da aka saya a Saudiyya sau da yawa suna zuwa da Larabci, amma wannan sunan yakan kasance da haruffan boko. Nemi sabuntawa, ka sauke, ka bari ta girku. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta fiye da sau ɗaya. Kada ka kashe ta ko da lambar da ke allo ta daɗe ba ta motsa ba. Daga nan ka sauke direban chipset, wato manhajar da ke haɗa Windows da kayan cikin kwamfutar, daga shafin AMD kai tsaye.

Ƙarin saurin ya fi bayyana a wasanni, ba lallai mai rubutu kawai ya ji bambanci ba. Haka kuma firosesa takan rage gudu da kanta idan ta yi zafi, saboda haka a irin zafin bazarar Makka ka share ƙurar fanka, kada kuma ka ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma. Idan wata manhaja ta ƙi aiki bayan komawa 24H2 ko wadda ta zo bayanta, kana da kwana 10 da za ka iya dawo da tsohuwar ta hanyar Settings, sai System, sai Recovery, sai Go back.