Kurakuran da aka fi yi wajen tsara shekarar karatun yaran da ake koyarwa a gida

Jadawalin da iyaye ke zanawa da zumuɗi a watan Satumba sau da yawa ba ya ganin ƙarshen Oktoba, kuma tun daga ƙirgen kwanaki ake yin tuntuɓe. Wasu sukan sauko da manhajar Amurka daga intanet, wadda aka yanka mako 36, wato kwana 180, da hutun Kirsimeti da dogon hutunsu na tsakiyar shekara, su liƙa a bango yadda take. Gidan da ke Kano ko Zariya kuwa lissafinsa daban ne. Azumi yana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, don haka tsarin bara ba zai yi bana ba. Ga Sallah biyu, ga biki da suna da zaman makoki, ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yara ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen damina.

A fara da cirewa. A soke goman ƙarshe na azumi da makon Ƙaramar Sallah, a soke makon Babbar Sallah, a ware hutun zango. Kwana 20 na farkon azumi a ɗauke su rabin aiki. In an samu mako 36, a tsara sabon darasi kwana huɗu kacal a mako: kwana 144 ke nan. Littafin lissafi mai darasi 120 zai bar rarar kwana 24, kuma wannan rarar ce za ta cinye rashin lafiya da baƙi. Rana ta biyar, wadda Juma'a ta fi dacewa da ita tun da dama gajeriya ce, ta cike giɓi ce da bita. A kuma tuna da yanayi: daga Maris zuwa Mayu, abin da ba a koyar ba kafin sha ɗaya na safe zafi ya cinye shi, amma da hunturu ana iya jinkirtawa sai hantsi ya ɗaga.

Kuskure na biyu shi ne kwaikwayon makarantar boko, ƙarfe takwas zuwa biyu, kowane darasi minti 40. Malamin aji yana ɓata lokaci wajen kiran suna, tsawatarwa da duba littattafan yara masu yawa. Uwa da ɗa ɗaya a kan tabarma ba su da wannan. Ɗan shekara shida minti 15 zuwa 20 ya ishe shi a zama ɗaya, awa ɗaya da rabi a yini gaba ɗaya. In aka zarce, sai hamma da tauna fensir.

Kuskuren da ya fi karya gida mai yara da yawa shi ne ware wa kowane yaro nasa tsarin a kowane fanni. Yara uku, fanni takwas, shiri 24 ke nan a wuyan mutum ɗaya da ke da girki da goyo. Fannoni iri biyu ne. Akwai masu hawa kamar tsani, waɗanda ba a taka mataki sai an taka na ƙasa: lissafi, karatu da rubutu, hadda. Waɗannan dole kowa da nasa. Sauran, irin su kimiyya, tarihi, labarin ƙasa da sira, a haɗa yaran a zama ɗaya, aikin da za a ba kowa ne zai bambanta. A ce darasin tsirowar iri ne. A huda gwangwanin madara uku, a zuba ƙasa, a shuka wake: ɗaya a rana ana ba shi ruwa, ɗaya a cikin kwali mai duhu ana ba shi ruwa, ɗaya a rana ba ruwa. Ƙaramin ya zana abin da ya gani, na tsakiya ya riƙa aunawa da rula yana rubuta tsawo kullum, babbar ta rubuta shafi ɗaya kan dalilin da na cikin duhu ya zanƙale ya yi fari. Shiri ɗaya ya wadatar da uku.

Ko an yi haka, in duka ukun suna buƙatar mai koyarwa a lokaci guda, rikici ne. Hankalin uwa shi ne abin da ya yi ƙaranci a gidan, saboda haka shi ake rabawa a jadawali kafin a raba fannoni. Ga misali da 'yar shekara 12, ɗan tara da ɗan shida. Bakwai da rabi zuwa takwas saura goma, ƙaramin yana tare da ita, domin shi ne ba ya iya jira. Na tsakiya yana kwafin rubutu, babbar tana aikin lissafin jiya. Daga nan na tsakiya ya samu minti 30, sannan babbar minti 40, ƙaramin kuma an sallame shi ya yi wasa. A huta, a dawo darasin haɗaka na minti 45. Babbar ta ci gaba ita kaɗai zuwa kusan Azahar.

Wannan ba ya tafiya sai an shirya aikin jira tun da dare. Kowa da ledarsa ko kwandonsa, ciki da littafi, fensir a fiƙe, da 'yar takarda mai aiki uku a jere. Doka ɗaya: in ka maƙale, sa alama ka wuce na gaba, ba "Umma, zo ki gani" alhali ana kan wani. Mai goyo kuma ta ɗora darasin da ya fi wuya a kan lokacin barcin jariri.

A kula da 'yar fari. Abu ne mai sauƙi ta zama malamar ƙannenta ba a ankara ba, ta kai ƙarshen zango tana baya a nata littafin. Ta saurari karatun ƙaninta na minti 15, ya isa.

Sai batun sauri. Wasu shafi suke bi, dole a gama littafi kafin Yuli ko yaro ya gane ko bai gane ba. Wanda bai iya ɗebewa da aro ba, doguwar rabawa za ta kayar da shi, domin kowane mataki nata ɗebewa ne. A ba shi tambaya goma; in ya ci takwas a wuce, in ƙasa da haka a tsaya kwana biyu ko uku a canza salon bayani, a kawo tsakuwa ko murfin kwalba. Kada a ja ƙani don ya kamo wa, kada kuma a riƙe shi don kar ya wuce wansa. In abin yana kawo gori, a ba su littattafai na mawallafa daban yadda ba za su gwada lambar shafi ba. Kowane mako na shida a zauna da fensir a duba inda kowa yake, a gyara na gaba. Shi ya sa ba a rubuta kwanan wata a kan darussan shekara gaba ɗaya, lamba ake ba su.

Mai ɗan da zai zauna jarrabawa, daga ranar jarrabawar yake ƙirgowa baya. Jarrabawar shiga makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya NECO ce ke shirya ta, WAEC da NECO kuma duk suna da jarrabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu. A nemi ranar rufe rajista tun farkon shekara, a daidaita darussa da manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya, a kammala sabon karatu mako takwas kafin jarrabawa don a koma kan tambayoyin shekarun baya. A wannan zangon mai jarrabawar ke da zaman farko na safe, ƙannen kuma a rage musu zuwa lissafi da karatu da hadda har a gama.